Tarihin Giwan Ruwa da Gulbinmu

Duk wanda ya tashi a Ɗan Isa ya sha jin labarin ƙaton kifin nan da ake cewa yana kwance a ƙarƙashin tafkin Madarumfa. Wasu su ce ya yi jaki girma, wasu su ce da bindinsa yake kifar da jirgi. Yaran yanzu dariya suke yi, suna cewa tatsuniya ce. To, mu dai muna ganin tsofaffi sun ƙara gishiri ne kawai, amma ba su ƙirƙiro kifin ba.

Akwai shi, sunansa giwan ruwa, wanda ake kira kafitan da Faransanci. Yakan kai tsawon mita 2, nauyinsa ya kusanci kilo 200, kuma mata ne suka fi girma. Ba ya cin ciyawa, 'yan'uwansa kifaye yake haɗiyewa. Da aka zuba shi a tafkin Biktoriya na gabashin Afirka wajen 1954, sai da ya kusa ƙarar da ƙananan kifayen wurin. Sai dai yana da sharaɗi guda, watau ruwa mai zurfi wanda ba ya ƙafewa, domin shekaru yake ɗauka kafin ya ƙasaita. Ba kamar gaiwa ba, wadda ke shigewa laka ta yi barcinta har damina ta dawo.

Saboda haka tarihin kifin nan tarihin ruwanmu ne. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya biyo ta Jibiya, ya shigo wajenmu, ya wuce Madarumfa da Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sa'an nan ya sake komawa Nijeriya ya faɗa gulbin Rima. Ruwan da ya ratsa fadamarmu shi ne ke gangarawa Sakkwato har Argungu, inda aka fara bikin kamun kifi a 1934. A can ne a 2005 wani masunci ya fito da kifi mai kilo 75, da homa da gora kurum. Ashe ba a nesa abin yake ba.

A da gulbin nan ba abin wasa ba ne. A 1945 ya yi ambaliya ya cinye tsohon birnin Maraɗi, dole aka tashi aka koma kan tudu. Irin wannan cikowa ce ke shayar da tafki, tare da ruwan gulbin Gabi, ta kuma kawo masa sabon iri.

Sai fari ya zo a 1973, ya sake dawowa a 1984. Waɗanda suka bar gida a waɗannan shekaru ba sa bukatar a tuna musu. Aka sare itatuwa, ƙasa ta tsiraita, kowace damina rairayi na kwararowa yana cike gindin tafki. A 1989 kuma aka gama madatsar ruwa ta Jibiya, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 142, a kan gulbin tun kafin ya iso gare mu. Gwamnatocin Nijar da Nijeriya sun sa hannu a Maiduguri a 1990 kan raba ruwan gulabe huɗu, namu na ciki. Takarda dai an rubuta, amma manomin fadama ya fi kowa sanin ko ruwan ya iso.

Kada mu ɗora wa madatsa laifin duka. Mu ma da namu. Wanda ya mai da gidan sauro koma, ya kwashe kifi tun yana kamar ɗan yatsa, me ya bar wa baɗi? A da sarkin ruwa ne ke faɗin ranar buɗe su da ranar rufewa, ba mai ƙetarewa.

A 2019 an sa tafkin Madarumfa cikin jerin dausayoyin duniya da ake karewa a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Masu ziyarar kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi suna nan suna zuwa, masunta kuwa tarwaɗa da karfasa suke kawowa kasuwa, yawancinsu ba su wuce tafin hannu ba.