Daga Rediyo Zuwa Wayar Hannu: Yadda Na'ura Ta Shiga Ajin Koyon Harsunan Waje

Tun kafin a san manhajar koyon harshe, unguwar Kakuri da ke tsallaken kogin Kaduna ta riga ta zama mahaɗar harsuna. A 1957 masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Ingila. Ba a jima ba Japanawa suka zo da Arewa Textiles, 'yan kasuwar Hong Kong suka kafa masaƙar UNTL, Jamusawa kuma suka taimaka wajen gina masana'antar makamai ta DICON da aka kafa a 1964. Sai a 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci da kayan da ake kawowa daga Faransa. Turanci ne ya haɗa kan ma'aikata da injiniyoyin waje, amma kowane inji da harshen ƙasar da ta ƙera shi ya zo.

A lokacin, rediyo ne babbar na'urar koyarwa. BBC ta fara darussan Turanci ta iska tun 1943, kuma da gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, an ware wa makarantu shirye-shirye. Dalili a fili yake: ɗalibai sun yi yawa, ƙwararrun malamai sun yi kaɗan.

Wani muhimmin gwaji a yankinmu a Nijar aka yi shi. Daga 1964, da taimakon Faransa, aka fara koya wa yaran firamare Faransanci ta talabijin a shirin Télé-Niger. Ajujuwa 22 ne, ɗalibai kusan 800. Darasi na fitowa daga akwati, mai kula da aji kuma, wanda bai yi zurfi a karatu ba, yana sa yara su maimaita, su yi wasan kwaikwayo da abin da suka gani. A 1968 har an gwada kunna akwatin da hasken rana. Yaran sun buɗe baki da Faransanci, amma tsadar shirin da dogaro da ƙwararrun waje sun hana shi game ƙasa.

Mun san wannan ne saboda an zauna an rubuta. Masana irin su Wilbur Schramm sun nazarci shirin, Unesko ta buga sakamakon a 1967. Da kwamfuta ta shigo, sai fannin koyar da harshe da na'ura ya samu mujallunsa na kansa: CALICO Journal a Amurka a 1983, ReCALL a Ingila a 1989, sannan Language Learning & Technology a 1997, wadda tun fitowarta ake karanta ta kyauta a intanet. A irin waɗannan mujallu, sai wasu masana sun tace maƙala kafin a buga. Darasin da ya riƙa fitowa daga cikinsu shi ne na'ura tana taimakawa ne gwargwadon shirin malamin da ke riƙe da ita.

A nan gida, doka ta riga kayan aiki. An kafa Ƙauyen Faransanci a Badagry a 1991, da na Larabci a Ngala ta jihar Borno a 1992. A 1996 Janar Sani Abacha ya ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu, manufar ilimi ta 1998 ta shigar da shi. Sai dai makarantu da yawa ba su samu malamin ba, balle ɗakin sauraro mai rikoda da wutar da za ta kunna shi.

Cikin shekarun 2000 masaƙun Kakuri suka rufe ɗaya bayan ɗaya, amma buƙatar harshe ba ta mutu ba. Matashin Barnawa ko Narayi ko Sabon Tasha na neman Faransanci don karatu a Kwatano, ko Sinanci don sarin kaya a Guangzhou, ko Larabci don zuwa Masar. Malaminsa na farko yanzu waya ce: YouTube, zaurukan WhatsApp, da Duolingo da aka buɗe wa jama'a a 2012. Duolingo ba ya koyarwa ta Hausa, saboda haka Bahaushe sai ya bi ta Turanci kafin ya kai ga harshe na uku.

Yawancin binciken da ke cikin manyan mujallun an yi shi ne a inda wuta ba ta ɗaukewa, data kuma ba ta gagarar ɗalibi. Tambayoyinmu daban suke. Wane ne ke ci gaba da darasi bayan wata guda? Me saƙon murya ke yi wa lafazi? Shin bayani da Hausa na saurin fahimtar da ɗalibi? Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Malaman harsuna a Jami'ar Jihar Kaduna da Jami'ar Ahmadu Bello su ne a bakin wannan aiki, kuma dandalin AJOL, da ke tattara mujallun Afirka tun 1998, yana nan don kai sakamakon ga duniya. Idan ba su auna sun buga ba, gwamnati za ta ci gaba da sayen na'ura bisa binciken da aka yi a kan yaran wasu.