Ranar Wanka da Ɓoyon Cibi: Janar Grant da Waliyyi Ogastin

A watan Yuli na 1885, a wani gida da ke kan tsaunin McGregor a jihar New York, Janar Ulysses Grant ya ajiye alƙalaminsa. Ciwon dajin maƙogwaro ya riga ya kusa ɗauke masa murya, zambar wani abokin kasuwanci kuma ta tsiyata shi tun 1884. Kwanaki kaɗan bayan kammala littafin tarihin yaƙe-yaƙensa, ya rasu ranar 23 ga watan. Marubuci Mark Twain ne ya tsaya wajen buga littafin, wanda ya samar wa matarsa Julia fiye da dala 400,000.

Kusan ƙarni goma sha biyar kafin wannan, wajajen 397 zuwa 400, Ogastin, bishop na garin Hippo, wato Annaba ta Aljeriyar yau, ya rubuta Confessiones, ma'ana ikirari, ɗaya daga cikin ginshiƙan adabin Katolika. Dukansu biyu sun waiwayi rayuwarsu, amma kowanne da wanda yake fuskanta. Grant yana yi wa al'ummar Amurka bayani, Ogastin kuwa da Ubangijinsa yake magana tun daga shafin farko.

Wannan bambanci shi ya tsara abin da kowannensu ya ɗauka laifi. Ogastin ya daɗe yana tuhumar kansa a kan 'ya'yan itacen maƙwabci da ya sata yana ɗan shekara 16, shi da abokansa, suka watsa wa aladu. Ba yunwa ta sa shi ba, daɗin saɓon kawai ya ja shi, kuma abin da ya tsorata shi ke nan. Grant kuwa da sakamako yake auna laifi. Ya bayyana nadamar farmakin ƙarshe da ya bayar da umarninsa a Cold Harbor ranar 3 ga Yuni, 1864, inda dubban sojojinsa suka mutu ko suka jikkata ba tare da wata riba ba. Haka nan ya kira yaƙin da Amurka ta yi da Meziko zalunci, duk da cewa ya fafata a cikinsa.

Hausawa na cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sai dai marubutan nan kowa ya ɓoye nasa. Grant bai ambaci umarnin da ya bayar a Disambar 1862 na korar Yahudawa daga yankin rundunarsa ba, umarnin da Shugaba Lincoln ya sa aka soke. Ogastin ma, da ya ba da labarin matar da ya zauna da ita fiye da shekara goma, mahaifiyar ɗansa Adeodatus, wadda aka raba shi da ita aka mayar Afirka, ya yi bayanin raɗaɗin zuciyarsa dalla-dalla, amma ko sunanta bai faɗa ba.

Saboda haka mai nazarin tarihi bai kamata ya ɗauki ɗayan a matsayin mai gaskiya, ɗayan mai kare kai ba. Janar ya faɗi gaskiyar da fagen fama ya tilasta masa, domin gawarwakin Cold Harbor suna da shaidu. Bishop ya faɗi gaskiyar da babu mai shaidarta sai shi. Abin da ya rage wa mai karatu shi ne ya tambayi kowane littafi: su wa aka bari a waje? A nan amsar ita ce iyalan Yahudawan da aka kora daga Paducah, da wata mace da ta koma Afirka ba tare da ɗanta ba.