Kankaren jiyofolima da ɓaraguzan Suk al-Shabi

Kankaren jiyofolima nau'in kankare ne da ba a haɗa shi da siminti. Ana kwaɓa garin da ke ɗauke da silika da alumina da ruwan soda mai ƙarfi, irin wadda masu sabulu ke amfani da ita, a ƙara sinadarin sodiyam siliket, sai ya daskare kamar dutse. Masanin Faransa Joseph Davidovits ne ya raɗa masa wannan suna a shekarun 1970. An shimfiɗa shi a filin jirgin saman Wellcamp na Ostareliya da aka buɗe a 2014, amma da tokar kwal da dusar narka ƙarfe aka haɗa wancan.

A Sudan, batun ya shafi ɓaraguzai. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 tsakanin sojoji da dakarun RSF ya lalata gine-gine a Kartum da Omdurman, har da kasuwannin biyu da ake kira Suk al-Shabi. Sojoji sun sake karɓe Kartum a Maris 2025, kuma duk mai shagon da ya dawo sai ya kwashe ɓaraguzai kafin ya sake gini.

Gine-gine da yawa a can na jan bulo ne da ake gasawa a gaɓar Nilu. Gasasshen yumɓu yana da silika da alumina, don haka idan an niƙe fasasshen bulo ya yi laushi, zai iya maye gurbin siminti. Tsohon kankare kuma a farfasa shi ya zama tsakuwa, a ware rodin a sayar. Hakan na rage dogaro da simintin da ake ɗaukowa daga Atbara, ya kuma rage hayaƙi, domin masana'antar siminti ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon a duniya.

Aikin yana da sharuɗɗa. Sai ƙwararru sun fara bincika wurin, saboda ragowar bama-baman da ba su fashe ba. Dole a tsince katako, roba da asbestos. Soda na ƙona fata, siliket na da tsada, tsohuwar tsakuwa kuma ta fi sabuwa shan ruwa. Garin bulo kansa yana jinkirin ƙarfi idan bai samu zafi ba. Shi ya sa ya fi dacewa a fara da bulon daɓe da katanga, a bar ginshiƙi da dakin sai an gwada ƙarfinsa a ɗakin gwaji.