Yadda ɗalibi ya fara auna malaminsa

A 1925 ɗaliban Jami'ar Harvard ta Amurka masu fitar da jaridar Crimson suka soma buga ra'ayinsu kan darussan da ake koya musu: wane malami ke fahimtar da mutum, wane ne ke sa gyangyaɗi. Ba hukumar makaranta ce ta sa su ba. Ƙannensu sababbin shiga suke haska wa hanya, kuma duk mai so zai karanta. A 1927 Herman Remmers da abokin aikinsa suka fitar da takardar tambayoyi ta auna malamai a Jami'ar Purdue, sai abin ya zama aikin masana. Bayan boren ɗalibai na shekarun 1960 ne ya bazu. Binciken Peter Seldin ya nuna kashi 29 cikin ɗari na kwalejojin da ya bibiya ke yin sa a 1973. Zuwa 1993 sun kai kashi 86.

Zamanin takarda yana da tsarinsa, kuma ina ganin ba a ba shi haƙƙinsa. A ƙarshen zango malami zai raba takardu, ya fice daga aji. Kowa ya cike tasa da fensir, ɗalibi guda ya tattara cikin ambulan ya kai ofishin sashe. Fitar malamin nan kaɗai tana faɗa wa ɗalibi cewa yau maganarsa ake jira, kuma an yanka masa lokaci daga cikin darasi don ya faɗe ta.

Da aka koma intanet an huta da kuɗin bugu da wahalar ƙirga, amma amsa ta ragu. Duncan Nulty ya haɗa nazarce-nazarce a 2008, ya samu kusan kashi 56 cikin ɗari na ɗalibai ke amsawa a takarda, 33 a intanet. Sai jami'o'i suka shiga lallashi: saƙon tuni, kyauta ta hanyar ƙuri'a, wasu har da nuna sakamakon jarrabawa da wuri ga wanda ya cike.

Wannan dabara ta ƙarshe ba ta kwanta mini ba. Mai ɗokin ganin makinsa danne-danne kawai zai yi ya wuce, alhali da irin amsar ake yanke hukuncin ƙarin girman malami. Abin da ’yan Harvard suka samu shi ne ya ɓace: a makarantu da yawa amsar ofis take shigewa, ɗalibi ba ya sake jin ɗuriyarta. Malamin da ya yi tambaya a tsakiyar zango, ya dawo aji ya ce ga abin da kuka faɗa, ga wanda na gyara, ya fi kusa da asalin al'adar.