Mai Sa Ido Kan Masu Kula Da Naƙasassu: Wane Ne Shi, Wane Horo Yake Buƙata

  

Mai kula da naƙasasshe shi ne wanda ke tsaye kan buƙatun yau da kullum na makaho, ko gurgu, ko kurma, ko wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, ko mai larurar ƙwaƙwalwa. Shi ke yi masa jagora, ya tura masa keke, ya taimaka masa wajen wanka da alwala da cin abinci, ya kai shi asibiti ya dawo da shi. Ba likita ba ne, ba kuma malamin asibiti ba ne. Mai sa ido kuwa shi ne na saman waɗannan masu kula: shi ke nemo su, ya koya musu aiki, ya raba musu lokaci, ya ji kokensu, ya tsaya a biya su haƙƙinsu. A cibiyoyin gwamnati ma'aikaci ne mai muƙami. A Zangon Kwatano kuwa sau da yawa babban ɗan gida ne, ko wata uwa a ƙungiyar mata, ko wani daga kwamitin masallaci, kuma an ɗora masa aikin ba tare da an koya masa komai ba.

Akwai wani dattijo makaho da muka shafe shekaru muna haɗuwa da shi a sahun farko. Saurayin da ke jansa ya samu babur ya shiga zemijan, ba wanda ya ga laifinsa, domin abin da ake ba shi bai kai na abinci ba. Cikin wata huɗu aka canza wa dattijon jagora uku, na ƙarshe ya jefa shi a kwata. Daga nan ya daina fitowa. Kuɗi ba su ƙare a gidan ba, abin da aka rasa shi ne mutumin da ya iya zaɓen jagora da riƙe shi.

Asalin aikin

Ɗaukar mutum a biya shi don ya kula da naƙasasshe ba baƙon abu ba ne. Malaman tarihi sun ambaci cewa halifa Walidu ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 705 zuwa 715, ya sanya wa makafi 'yan jagora, guragu kuma masu hidima, daga baitulmali. A ƙasar Hausa akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, masu sasanta rigima da magana da yawun jama'arsu. Sai dai jagora a wurinmu ya fi faɗawa kan ƙananan yara, abin da za mu dawo kansa.

A matsayin fanni da ake karantarwa kuwa, horar da masu sa ido ya fi bunƙasa a Amurka, bayan an rufe manyan gidajen da ake tara masu larurar ƙwaƙwalwa aka mayar da su cikin unguwanni. Can ƙididdigar shekarun baya-bayan nan na nuna wajen kashi 40 cikin ɗari na masu kula suna barin aikinsu a kowace shekara. Jami'ar Minnesota ta daɗe tana bincike a kai, kuma Sheryl Larson da Amy Hewitt sun fitar da littafi kan ɗauka da riƙewa da horar da irin waɗannan ma'aikata a 2005. Abin da bincikensu ya nuna ya yi daidai da abin da muke gani da ido: an fi gudu a watannin farko, kuma halin shugaban da ke kusa da ma'aikaci yana cikin manyan dalilan zama ko tafiya, bayan ƙarancin albashi.

Halin da ake ciki a Benin

Ƙidayar jama'a ta 2013 ta lissafa naƙasassu 92,495 cikin mutum miliyan 10, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022 ta kiyasta kashi 16 ga duniya baki ɗaya. Wanda ya san yadda gidajenmu ke ɓoye mai larura daga baƙo mai takarda ba zai yi mamakin wannan tazara ba. Benin ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2012, ta kafa doka mai lamba 2017-06 ta 29 ga Satumba 2017 don kare su, sannan a 2023 gwamnati ta fitar da ƙa'idojin zartar da ita.

Tun ƙarshen shekarun 1980 ƙasar ke da shirin RBC, wato farfaɗo da naƙasasshe a cikin jama'arsa, ƙarƙashin cibiyoyin jin daɗin jama'a da aka sani da CPS, waɗanda yanzu ake kira GUPS. Ma'aikacin shirin shi ke koya wa iyaye da 'yan sa-kai, don haka shi ne mafi kusa da abin da muke kira mai sa ido. Akwai cibiyar makafi ta Ségbéya a Akpakpa, da makarantar kurame ta Vêdoko, da cibiyar koyar da naƙasassu sana'a ta Akassato, da sashen gashin ƙashi da motsa jiki na asibitin CNHU. Waɗannan ne ƙofofin da mai sa ido na unguwa zai ƙwanƙwasa idan yana neman wanda zai koya wa mutanensa, ko da sai ya tafi da tafinta.

Ɗaukar ma'aikaci

Darasin farko da ake koya wa mai sa ido shi ne ya faɗi gaskiyar aikin kafin a ɗauki mutum. Mu kan ce “zama kawai za ka riƙa yi da Baba”, mu ɓoye zancen fitsari da bahaya da tashin dare, don kunya ko don kada ya ƙi. To zai gani a rana ta biyu, kuma zai tafi a mako na biyu. Gara a kai shi ya wuni guda tare da tsohon hannu, ya ga mai daɗin da mai wuyar, sannan ya yanke shawara. Fiƙihu ma haka ya tanada, domin ijara ba ta inganta sai aikin ya zama sananne, ladan ma sananne.

Wajen tambaya, kada a tsaya kan “kana da haƙuri?”, ba wanda zai ce a'a. A tambaye shi abin da ya taɓa yi: wa ya taɓa jinya, me ya yi ranar da majinyacin ya ƙi cin abinci ko ya zage shi. A nemi mutum biyu da suka san shi, a je a same su. Wanda tsohon ma'aikaci nagari ya kawo ya fi zama, domin ya riga ya ji labarin aikin daga bakin mai yin sa. A duba harshe: dattijuwar da ba ta jin komai sai Hausa ko Zabarmanci ba za ta sake da mai jin Fon da Faransanci kaɗai ba. Kurame ma ba harshe ɗaya gare su ba. Waɗanda suka yi makaranta a nan suna amfani da alamun da suka samo asali daga na Amurka, ta hanyar makarantun da Andrew Foster ya fara buɗewa a Gana a 1957, kurman da ya taso a Kano kuwa maganar hannu ta Hausa ya iya. Mace ta kula da mace, namiji da namiji, sai inda larura ta tilasta. Kuma shi naƙasasshen a zaunar da shi a wurin zaɓen, jikinsa za a taɓa. Wannan shi muka fi mantawa.

Yaro ba ma'aikaci ba ne. Dokar aiki ta Benin ta hana ɗaukar wanda bai kai shekara 14 ba, kuma yarinyar da ke jan makaho daga safe zuwa magariba ta rasa boko ta rasa allo. Mai sa ido da ya warware matsalar dattijo ta hanyar cire jikarsa daga makaranta, matsala biyu ya haifar.

Abin da zai koyar

Ba zai koyar da abin da bai iya ba, don haka sai ya fara da kansa. Makaho shi ke riƙe hannun jagora a saman gwiwar hannu, jagora na gaba da rabin taki, yana faɗa masa kwata ko matakala kafin a kai, ba a jan sa da sanda kamar akuya. Wanda ke kwance a juya shi duk bayan kamar awa biyu, a duba ƙugu da dugadugai, domin gyambon kwanciya yana kisa. A ciyar da shi yana zaune don kada ya shaƙe. Wajen ɗaga mutum a durƙusa da gwiwa, ba a sunkuya da baya ba; ciwon baya ya raba masu kula da yawa da aikinsu. Mai farfaɗiya idan ta tashi a kawar da abin da zai ji masa rauni, kada a cusa masa cokali a baki, a kwantar da shi ta gefe, idan ta wuce minti biyar a nufi asibiti. A nuna, ya yi a gabanka, ka gyara, sannan a bar shi shi kaɗai.

Riƙe shi

Tun 1 ga Janairu 2023 mafi ƙarancin albashi a Benin sefa 52,000 ne a wata, wato jika 52, kuma wajibi ne a yi wa ma'aikaci rajista a CNSS, a ba shi hutun yini guda a mako. Gidaje da yawa a Zango ba za su iya wannan su kaɗai ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne gida biyu ko uku su haɗa mai kula ɗaya a raba masa sa'o'i, mai sa ido ya riƙe littafin karɓa da biya. Inda naƙasasshen matalauci ne ana iya ba shi zakka ya biya da ita, domin malaman Malikiyya ba su fitar da mai gida da mai hidima daga masu karɓar zakka ba matuƙar babu rara a cikinsu. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ce wa ma'aikaci “aikin lada ne” ranar da ya zo karɓar kuɗinsa.

Bayan kuɗi sai magaji na ranar hutu. Mai kula da ba shi da wanda zai canje shi ba ya zuwa suna, ba ya zuwa jana'iza, ba ya iya kwanciya ciwo, kuma irinsa ba ya kai shekara. Mai sa ido ya tanadi mutum na biyu tun farko, ya riƙa leƙawa kowane mako a wata ukun farko, ya zauna da ma'aikacin su biyu. Gyara a keɓe, yabo a gaban mutanen gida. Idan abu ya ɓata kada a yi saurin tuhuma, domin ɗan ƙwadago amintacce ne, ba ya lamuni sai ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Amma duka, ko ɗaure mai larura, ko cin kuɗinsa, ba abin sasantawa a zaure ba ne: a raba su nan take, a kai maganar cibiyar jin daɗin jama'a ko wurin 'yan sanda.

Wanda ya ce zai tafi, a tambaye shi dalili cikin mutunci, a rubuta a littafin, kuma a roƙe shi ya yi mako guda tare da wanda zai gaje shi, ya nuna masa lokutan magani da hanyar da dattijon ya saba bi zuwa masallaci.