Wa ke raba filin Bande?

Kafin dokar karkara ta 1993, maganar gona a Bande tana hannun sarki da masu gari. Dokar ta kawo kwamitocin filaye, amma a ƙauye mai gari ne shugaba. Bayan zaɓen 2004, magajin gari ya riƙe kwamitin ƙaramar hukuma, shi ma ɗan gari ne mai gonaki da dangi. Ka ga, mai shata burtali yana iya tarar da gonar ƙanensa a kan hanya. A 2024 sojoji suka rusa majalisun, suka naɗa wakilai. To, naɗi ko zaɓe, talaka abu ɗaya yake tambaya: mai rabon nan, mene ne nasa a ciki? Ya faɗa tun kafin a ja igiyar awo.