Uba da 'Ya'yansa Biyu a Maƙabartar Ɗan Marna

Ranar Alhamis, 6 ga Mayu, 2010, aka ɗauko gawar Shugaban Ƙasa Umaru Musa 'Yar'adua daga Abuja zuwa Katsina. Bayan an yi masa sallah, ba a gina masa wani hubbare na daban ba. An kai shi Maƙabartar Ɗan Marna, inda mutanen gari suke kai mamatansu, kuma inda mahaifinsa da yayansa suka riga shi kwanciya. Mutum uku daga gida ɗaya, kowannensu ya taɓa riƙe wani ɓangare na mulkin Nijeriya, ga su yanzu a ƙasa ɗaya da malamai da 'yan kasuwa da talakawan birni.

Maƙabartar ta samo sunanta ne daga Wali Ɗan Marna, wato Muhammad ibn al-Sabbag, malamin da ya rayu a Katsina a ƙarni na 17. Ma'anar al-Sabbag a Larabci ita ce marini. Katsinawa suna ambatonsa tare da Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Takum duk lokacin da ake lissafa manyan malaman garin. Ke nan wurin ya yi suna saboda ilimi tun kafin a san wani abu wai shi jam'iyya ko zaɓe.

Uban, Malam Musa 'Yar'adua, yana cikin 'yan bokon farko na Arewa, waɗanda suka fara da koyarwa kafin siyasa ta ja su. Ya shiga NPC, jam'iyyar Sardauna, ya je Majalisar Wakilai, ya kuma zama Ministan Harkokin Legas a gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. A lokacin Legas ce babban birnin tarayya, don haka lamurran filaye da raya birnin suna bi ta teburin wannan Bakatsine. Juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966 ya kawo ƙarshen wannan aiki. Ya riƙe sarautar Matawallen Katsina, ya kasance jigo a NPN a Jamhuriya ta Biyu, ya rasu a 1993. Har yau akwai titi mai sunansa a unguwar Victoria Island da ke Legas.

Ɗansa Shehu, wanda aka haifa a 1943, ya bi ta wata ƙofar ce daban. Ya yi horon soja a Sandhurst ta Ingila, ya yi yaƙin basasa, sannan ya zama kwamishinan sufuri na tarayya a gwamnatin Janar Murtala Muhammad a 1975, lokacin da jiragen ruwa masu ɗauke da siminti suka cushe tashar Legas. Da aka kashe Murtala ranar 13 ga Fabrairu, 1976, Obasanjo ya hau, aka ɗaga Shehu daga muƙamin laftanar-kanar zuwa birgediya, ya zama mutum na biyu a ƙasa yana ɗan shekara talatin da 'yan kai. Shi da Obasanjo suka miƙa wa Alhaji Shehu Shagari mulki ranar 1 ga Oktoba, 1979, ya yi ritaya yana manjo-janar.

Bayan ya tuɓe kaki ya shiga kasuwanci, daga baya ya gina wata ƙungiyar siyasa da ta haɗa 'yan Arewa da 'yan Kudu, wadda ta narke cikin SDP. Atiku Abubakar yana cikin waɗanda suka taso a hannunsa. A 1992 shi ne kan gaba a zaɓen fid da gwani na SDP, amma Janar Babangida ya soke zaɓen. A taron tsara kundin mulki na zamanin Abacha, ɓangarensa ne ya matsa a sa wa sojoji ranar sauka. A watan Maris na 1995 aka kama shi bisa zargin shirya juyin mulki, aka yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka mayar da shi ɗauri. Ya rasu yana tsare a kurkukun Abakaliki ranar 8 ga Disamba, 1997. Mutumin da ya shiga mulki ta hanyar juyin mulkin soja, ya mutu a hannun gwamnatin soja saboda ya ce sojoji su koma bariki. Tafidan Katsina ya dawo gida a makara.

Ƙanensa Umaru, haihuwar 1951, shi ne wanda ba a yi wa zaton mulki ba. Ya karanta kimiyyar sinadarai a Jami'ar Ahmadu Bello, ya koyar a Zariya da Katsina. A Jamhuriya ta Biyu, lokacin da mahaifinsa yake NPN, shi PRP ta Malam Aminu Kano ya bi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a gidan sarauta. Ya nemi gwamnan Katsina a 1991 a SDP, Alhaji Sa'idu Barda na NRC ya kayar da shi. A 1999 ya ci a PDP, ya yi shekara takwas, ya kuma bayyana dukiyarsa a fili. Ranar 29 ga Mayu, 2007 aka rantsar da shi shugaban ƙasa, kuma da bakinsa ya amince cewa zaɓen da ya kawo shi yana da kurakurai. Ya naɗa kwamitin gyaran zaɓe ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, ya janye sayar da matatun mai na Kaduna da Fatakwal, ya yi wa masu ɗauke da makamai na yankin Neja Delta afuwa a 2009.

Amma a wannan shekarar ce kuma, cikin watan Yuli, rikicin Boko Haram ya ɓarke, aka kashe Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda, abin da Arewa ba ta gama biyan kuɗinsa ba har yau. A watan Nuwamba aka fita da shugaban zuwa asibiti a Jidda ba tare da an miƙa wa mataimakinsa ragama ba. Ƙasa ta yi kusan wata uku cikin ruɗani, har Majalisar Tarayya ta ayyana Goodluck Jonathan a matsayin muƙaddashi a Fabrairun 2010. Umaru ya rasu ranar 5 ga Mayu. Mahaifiyarsu, Hajiya Dada, ta ga rasuwar mijinta da ta waɗannan 'ya'ya biyu, ta rayu har zuwa Satumbar 2024.

Idan muka duba wasu garuruwan, za mu ga inda aka binne ɗan siyasa yakan yanke yadda za a riƙa tunawa da shi. A Bauchi an gina wa kabarin Tafawa Ɓalewa katafaren gini, ana kai ɗalibai su ga kayansa. A Kano an binne Malam Aminu a gidansa na Gwammaja a 1983, gidan ya zama Mambayya, cibiyar nazari ta Jami'ar Bayero. Ko a Jihar Katsina, da Muhammadu Buhari ya rasu a Landan a Yulin 2025, a cikin gidansa na Daura aka binne shi. A irin waɗannan wurare kabari da labari suna zaune tare, mai ziyara yakan fita da wani abu a kansa.

Ɗan Marna ba haka take ba. Maƙabarta ce ta gari, aikinta ta daidaita minista da marini, kuma wannan shi ne abin da addini ya koyar. Wanda ya shiga zai yi addu'a ya tuna da tasa ranar, ba zai koyi abin da ya faru a Abakaliki ko dalilin da ya sa ɗan Matawalle ya bi 'yan santsi da 'yan taɓo zuwa PRP ba. Sunayen suna nan a kan allo: Cibiyar Shehu Musa 'Yar'adua a Abuja, jami'a da filin jirgin sama masu sunan Umaru a Katsina. Sai dai suna a jikin gini ba ya faɗin me mutum ya yi daidai, me ya yi kuskure.

Yaron da aka haifa a shekarar da Umaru ya rasu ya kusa isa jefa ƙuri'a. Mafi yawan abin da yake ji game da waɗannan mutane guntayen bidiyo ne a waya, ko dai yabo zalla ko zagi zalla. Har yanzu akwai tsofaffi a Katsina da suka yi wa Tafida yawon kamfen, da ma'aikatan da suka zauna da Umaru a ofis, da ɗaliban da ya koyar. Kowace shekara ana raka wasunsu Ɗan Marna, su tafi da abin da suka sani. Wanda yake da irin wannan dattijo a gida, ya zauna da shi, ya kunna rikodar wayarsa, ya tambaye shi da Hausa, ya rubuta abin da ya ji, mai daɗi da marar daɗi. Su kuwa da suke kwance, Allah Ya jiƙansu, Ya gafarta musu kurakuransu.